Darasi na 14: Kejin da Ya Dace da Aku

Duk wanda ya taɓa sayen aku ko tsirya ya san ɗan kejin da ake miƙo masa tsuntsun a ciki: na waya ko na gwangwala, tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba, da gwangwanin madara ɗaure a gefe don ruwa. Wannan keji na ɗauko tsuntsu ne daga kasuwa zuwa gida, kuma aikinsa ya ƙare ranar da aka iso. Amma a yawancin gidajen da ake ajiye aku, a nan Kwandiko ne ko Gwaram ko Birnin Kudu, cikin wannan ɗan keji tsuntsun yake ƙare rayuwarsa, rataye a jikin ƙusa a zaure ko ƙarƙashin kwanon baranda. Bayan 'yan watanni sai ya daina kuka, gashin wutsiya ya kakkarye, ƙirji ya yi sanƙo don figar kansa da yake yi. Wata safiya a tarar da shi a ƙasan keji, a ce aku ba ya jure zaman gida. Alhali tsirya da aka kula da ita tana kai shekara 20 zuwa 30, babban aku kuwa yana haura 40.

Abin da darasin nan yake koyarwa shi ne, daga jikin tsuntsu ake auna keji. Tela ba ya sa almakashi a yadi sai ya ɗora tef a kafaɗar mai riga. Haka ya kamata mai aku ya yi kafin ya biya kuɗin keji. Saboda haka ku tanadi tef ɗin awo da fensir, domin akwai lissafi a gaba.

Wane tsuntsu ne a hannunku?

Iri uku aka fi gani a ƙasar Hausa, kuma kowanne da kejinsa.

Ta farko tsirya, koriya shar, mai siririyar doguwar wutsiya. Namijin yana yin zobe baƙi da ja-ja a wuya idan ya girma. Daga baki zuwa ƙarshen wutsiya tana kai santimita 40, kuma fiye da rabin wannan tsawo wutsiya ce. Manomin da ya taɓa gadin dawa da gero a kaka ya san ƙararta idan garke ya wuce.

Na biyu ƙaramin akun dajinmu, mai kai ruwan toka, baya kore, ciki ruwan ɗorawa. Gajere ne, santimita 23, nauyinsa giram 120 zuwa 170, amma bakinsa ya fi na tsirya ƙarfi. Yana cin ɓaure da 'ya'yan kaɗanya da ɗorawa, yana sheƙa a kogon itace. Irin dajin da ke kudancin Jigawa da arewacin Bauchi, mai kuka da tsamiya da kanya, gida ne ga waɗannan biyu.

Na uku babban aku mai launin toka da jar wutsiya, gwanin kwaikwayon magana. Shi ba ɗan dajinmu ba ne. Daga kurmin kudu ake kawo shi, wajejen Kuros Riba da Neja Delta da Kamaru da Kongo. Tsawonsa santimita 33, nauyinsa kimanin giram 400. Wata masaniya a Amurka, Irene Pepperberg, ta yi shekara 30 tana nazarin irin wannan aku guda ɗaya mai suna Alex, daga 1977 har ya mutu a 2007. Ya san kalmomi fiye da 100, yana bambance launuka da siffofi, yana ƙidaya abubuwa har shida. Ashe Abubakar Imam bai yi nisa da gaskiya ba da ya sa aku ya zama mai ba da labari a Magana Jari Ce. Halitta mai wannan kaifin ƙwaƙwalwa, idan aka kulle ta inda ba ta da abin yi sai kallon bango, ciwon da take yi ba na jiki kaɗai ba ne.

Kafin a kai ga keji

Akwai magana biyu da ba za a tsallake ba. Ta farko ta doka ce. Kamun babban aku ya yi yawa har ya kusa ƙarewa a wasu ƙasashe. Binciken da aka buga a 2016 ya nuna Gana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 nasa tun daga 1992. A shekarar 2016 ɗin kuma, a taron ƙasashen yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji da aka yi a Johannesburg ta Afirka ta Kudu, aka hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Nijeriya tana cikin yarjejeniyar, kuma tana da tata dokar kare namun dajin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, wadda aka ƙara wa tsanani a 2016. Wanda yake da babban aku a gida tun tuni, ya kyautata masa. Wanda bai saya ba, shawarata ya haƙura, domin kowane ɗaya da ya iso kasuwar Kano da rai, akwai 'yan'uwansa da suka mutu a hanya cikin kwali.

Ta biyu ta addini ce. Malamai, cikinsu har da Ibn Hajar, sun kafa hujjar halaccin ajiye tsuntsu da labarin Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, kuma Manzon Allah (SAW) bai hana ba. Amma Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nema ba. Abu Dawud kuma ya ruwaito cewa da wasu sahabbai suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa, Manzon Allah (SAW) ya umarce su su mayar mata. Iyayen yaran da ke hawa kuka suna kwaso 'ya'yan tsirya daga kogo su riƙe wannan. Ajiye tsuntsu ya halatta, amma daga ranar da kuka rufe masa ƙofa, cinsa da shansa da inuwarsa da wurin miƙe fiffikensa sun koma wuyanku. Wanda ya ga ba zai iya ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Awo

A Ingila, dokar 1981 ta mai da shi laifi a ajiye tsuntsu a kejin da ba zai iya buɗe fikafikansa sosai a ciki ba, ta tsawo da faɗi da tsayi. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da za a nema, domin buɗe fiffike daban, kaɗa shi daban. Tsuntsun da ba ya kaɗa fikafikai naman ƙirjinsa yana saki, kitse ya taru masa.

Ga ƙa'idar da za mu bi. Ku fara sanin faɗin tsuntsun idan ya buɗe fikafikai, daga bakin wannan zuwa bakin wancan. Ba sai kun danne shi da hannu ba. Ku lura da shi da safe lokacin da yake miƙa, ku ƙiyasta da tef. Dogon gefen keji ya zama ninki biyu na wannan awo. Gajeren gefe, wato daga gaba zuwa baya, ya zama ninki ɗaya da rabi.

Mu gwada da tsirya. Buɗin fikafikanta santimita 42 zuwa 48 ne. Mu ɗauki 45. Ninki biyu: 45 sau 2, ya ba da 90. Ninki ɗaya da rabi: 45 a tara da rabinsa, wato 22 da rabi, ya ba da 67 da rabi. Masu walda da kafintoci da ƙafa da inci suke magana, don haka sai mu juya. Ƙafa ɗaya santimita 30 ce da ɗan ɗoriya, inci ɗaya kuwa santimita biyu da rabi. Ke nan kejin tsirya ƙafa 3 ne a tsawo, ƙafa 2 da inci 3 a faɗi. Tsayinsa kada ya gaza ƙafa 3, saboda wutsiya: idan ta hau reshe, wutsiyar kada ta taɓa ƙasa, kan kuma kada ya taɓa rufi. Wannan awo ya ishi ƙaramin aku ma.

Babban aku, idan muka ɗauki buɗinsa a santimita 50, yana bukatar 100 da 75, wato ƙafa 3 da inci 4 a tsawo, ƙafa 2 da rabi a faɗi, tsayi ƙafa 4. Idan tsuntsaye biyu ne, a ƙara rabin tsawon ko fiye. Duk waɗannan lambobi na ƙasa ne. Babu wanda ya taɓa cutar da aku don ya yi masa keji mai faɗi.

Mutane sukan ruɗu da keji dogo siriri, mai kama da hasumiya, su ga ai babba ne. Tsuntsu a kwance yake tashi, daga reshe zuwa reshe, kuma aku a ɓangaren sama yake yini. Rabin ƙasa na dogon keji fanko ne. In kuɗi ba su isa duka ba, a rage tsayi a bar faɗi. Keji mai zagaye kuma a guje shi ko da ya burge ido. Ba shi da lungun da tsuntsu zai raɓe in ya tsorata, kuma a can sama inda wayoyin suke haɗuwa suna tsukewa, nan yatsa ko fiffike yake maƙalewa.

Tazarar ƙarfe

Aku yana tura kansa duk inda ya ga zai shiga, kuma kan da ya shiga da sauƙi ba ya fita da sauƙi. Tazarar da ke tsakanin sandunan keji ga tsirya kada ta wuce milimita 15, wato rabin inci da ɗan ƙari. Ga ƙaramin aku, milimita 15 zuwa 20. Ga babban aku, 20 zuwa 25, kada ta haura inci ɗaya. A kasuwa, in babu tef, ku gwada da babban yatsa: idan ya shige tsakanin wayoyi a kwance, tazarar ta yi wa tsirya faɗi. Matsattsiyar tazara tana da wani amfanin a ƙauye, don tana rage shigar ɓera da maciji da hannun kyanwa.

Ku dubi ƙafar aku: yatsu biyu gaba, biyu baya, kuma yana kama ƙarfe da baki yana jan jikinsa. Mahayi ne. Saboda haka aƙalla gefe biyu na keji su kasance da sanduna a kwance ko raga mai murabba'i, don ya sami matakala.

Da me aka yi shi?

Nan ne aka fi yin asara, kuma asarar ba ta nuna kanta da wuri. Kejin kara da na gwangwala da yaranmu suka gwanance wajen saƙawa ya dace da kanari, wanda bakinsa na tsintar ƙwaya ne. Aku da bakinsa yake fasa ƙwallo yana sassaƙe itace. Kejin kara ba ya kwana biyu a gabansa. Siririyar wayar kaji ma yana tsinka ta, bakin wayar ya yanke masa harshe ko ya haɗiye guntu. Kaurin sanda ga tsirya da ƙaramin aku ya kai milimita 2 zuwa 3, ga babban aku 3 zuwa 4.

Sai maganar guba. Tun da aku yana yini yana lasa da gwaguyar ƙarfen kejinsa, duk abin da ke jikin ƙarfen cikinsa zai tafi. Abu biyu ne abokan gaba: dalma da tutiya. Dalma ba baƙuwa ba ce a kunnenmu tun abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara a 2010, inda gubarta ta kashe yara fiye da 400. Tana cikin fenti da yawa, musamman tsoho da mai launi ja ko rawaya, tana cikin abin da masu gyaran rediyo da masu liƙin bokiti suke narkawa, tana cikin batirin mota. Ɗan ɓarɓashin da ba zai dami babban mutum ba ya isa ya kashe tsuntsu mai nauyin giram 150. Tutiya kuwa ita ce farin da ke jikin sabon kwanon rufi da bokitin ƙarfe da yawancin ragar waya da ake sayarwa. An shafa ta ne don hana tsatsa, amma idan tsuntsu ya ɓamɓare ta ya haɗiye, tana lalata masa ciki da ƙoda.

Alamun gubar sun haɗa da kasala, amai, yawan shan ruwa, kashi kore mai ruwa-ruwa, rawar jiki, da faɗowa daga reshe. Wanda ya ga haka ya fitar da tsuntsun daga kejin nan take, ya nemi ma'aikacin dabbobi na ƙaramar hukuma. Jira har gobe yakan zama an makara, domin tsuntsu yana ɓoye ciwonsa sai ya ci ƙarfinsa.

Mafi aminci shi ne ƙarfen silba, irin na cokula da kwanukan da ba sa tsatsa, sai dai yana da tsada kuma ba kowane mai walda ke aikinsa ba. Mai bi masa shi ne kejin kamfani mai gasasshen fenti da ba ya ɓarewa, irin wanda akan samu a Kano. A karce shi da farce, in ya ɓare a bar shi. Abin da ya fi sauƙi a wajenmu shi ne baƙin ƙarfe, siririn rodi a kan firam na fayif, ba tare da fenti ba a duk inda baki zai kai. Zai so yin tsatsa, don haka a kare shi daga ruwan sama, a riƙa goge shi da burushin waya. Idan dole sai raga mai tutiya, a zaɓi mai kauri, a kankare duk wani ƙullutu da farin gari da burushin waya, a wanke da ruwan kal ko ruwan lemon tsami, a ɗauraye, a bar ta a waje makonni kafin a sa tsuntsu. Wannan yana rage haɗarin, ba ya kawar da shi duka.

Karatu: a shagon mai walda

Ku karanta wannan hira biyu-biyu, ɗaya ya zama dattijo mai tsirya, ɗaya saurayi mai walda.

"Salamu alaikum. Sannu da aiki."

"Alaikumus salam. Sannu da zuwa, Baba. Ga benci."

"Keji nake so ka haɗa mini, na tsirya. Ga awon na rubuto: tsawo ƙafa uku, faɗi ƙafa biyu da inci uku, tsayi ƙafa uku. Ka yi masa ƙafafu ya kai mini ƙirji."

"Baba, don tsuntsu guda? Wannan ai ya ɗauki kaji biyar."

"Kaza da safe ake buɗe mata ta fita kiwo, ɗana. Wannan nan za ta kwana, nan za ta yini. Tsakanin rodi da rodi rabin inci, kada ka ƙara."

"To, rodin zai ci da yawa."

"Na lissafa. In ka gama, duk inda ka ɗiga walda ka bi shi da magagari ya yi sumul. Zan shafa da tafin hannuna. In ya karce ni, zai karce ta."

"An gama. In shafa masa koren fenti ya fito?"

"Ƙafafun kawai. Inda bakinta zai kai ka bar shi yadda yake. Ƙasan kuma ka yi raga, ka sa faranti a ƙarƙashi wanda zan riƙa jawowa in wanke ba sai na buɗe ƙofa ba."

"Ƙofar fa?"

"Babba, yadda hannuna zai fito da ita a kai ba ta goga ba. Sakatar ta waje, da wurin sa kwaɗo, ka rufe bayanta da ɗan ƙarfe. In bakinta ya kai ga sakata, kwana uku ta gane yadda ake zarewa."

"Baba, gaskiya zai fi na kasuwa tsada."

"Na sani. Araha ba ta ado. Faɗi kuɗinka mu daidaita."

Cikin keji

Reshe biyu ko uku sun isa, a nesa da juna, a bar tsakiya fili don tashi. Kada a sa fayif ko sandar tsintsiya mai santsi da kauri ɗaya, domin tafin ƙafa yana yin gyambo idan kullum wuri ɗaya yake dannewa. A sa rassan itace da ɓawonsu, wani siriri wani kakkaura, yadda yatsun za su zagaye kamar kashi biyu cikin uku na reshen. Reshen gwaiba da na darbejiya suna da kyau, matuƙar ba a yi musu feshin magani ba. Tumfafiya da tinya da cin-da-zugu da zurma kada su kusanci keji, guba ne. Zai gwaguye rassan ya ƙarar, kuma haka ake so: aikin yi ne gare shi, yana kuma rage masa tsawon baki. A canza masa sabo. Totuwar masara, zangarniyar gero, kwasfar ɗorawa, duk abin ɓata lokaci ne mai amfani. Tsumma da zare da igiyar leda a nisanta su, suna naɗe yatsa.

Kwanon ruwa da na abinci su zama na silba, a ɗaure su a gefe, ba ƙarƙashin reshe ba inda kashi zai faɗa. Gwangwani yana tsatsa, bakinsa yana yanka. Gyaɗa kuwa, da yake ita muka fi ba aku, a duba ta da kyau: wadda ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar da ke lalata hanta. Fiya, wato abokado, kada a ba shi ko kaɗan.

Ina za a ajiye shi?

Keji mai kyau a mugun wuri bai tsinana komai ba. Aku ɗan garke ne, yana son inda yake ganin mutane yana jin hira, saboda haka rumfar tsakar gida ko baranda ta fi ɗakin ajiya. A jingina gefe ɗaya da bango don hankalinsa ya kwanta, a ɗaga shi daidai ƙirjin mutum. A ƙasa yana cikin tsoron kyanwa da yara. Idan aka rataye shi da igiya kuma yana lilo duk motsin da ya yi. A sa ƙafafun kejin cikin gwangwanayen ruwa saboda kwarkwasa da cinnaka. Rufin sama ya zama a rufe, aƙalla rabinsa, don inuwar shaho ko shirwa kaɗai tana sa tsuntsu ya yi ta dukan ƙarfe har ya ji rauni.

Yanayinmu yana da fuska biyu, kuma dole wurin keji ya canza da su. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi yana haura digiri 40. Tsuntsu ba ya gumi, kuma zafin jikinsa da ma ya kai digiri 40 zuwa 41. Ƙarƙashin kwano marar silin da tsakar rana wuri ne na halaka. Ya sami ranar safe, amma daga hantsi ya kasance cikin inuwa mai iska, gindin bishiya ko rumfar zana. In kun ga ya buɗe baki yana haki, ya ɗaga fikafikai daga jiki, zafi ya yi masa yawa: a mai da shi inuwa, a yayyafa masa ruwa. A ba shi faffaɗan kwano ya yi wanka. A hunturu kuwa, Disamba da Janairu, iska daga arewa maso gabas take busowa da sanyi da ƙura. A kare wannan gefe da tabarma, da dare a lulluɓe da zane a bar kafar iska. Yana bukatar barcin awa 10 zuwa 12 cikin duhu, don haka kada ya kwana kusa da talabijin ko fitilar da ba a kashewa.

Abin da na fi so ku riƙe a wannan sashe shi ne hayaƙi. Bayan huhu, tsuntsu yana da jakunkunan iska a cikin jikinsa, kuma yana zuƙe abin da ke cikin iska fiye da yadda mutum yake yi. Wannan ne ya sa masu haƙar kwal a Ingila suka riƙa shiga rami da kanari har zuwa 1986: idan muguwar iska ta taru, kanari ne yake fara faɗuwa, mutane su gudu. Ku duba gidajenmu da wannan ido. Hayaƙin murhu, kaskon garwashi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi, turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, fiya-fiya da ake yayyafawa da dare, hayaƙin janareta da na babur da ake tayarwa a zaure, maganin feshin gona da ake ajiyewa a lungu. Kowannensu yana iya kashe aku a dare ɗaya. Uwargida da za ta turara ɗaki, maigida da zai yi feshin sauro, a fara fitar da keji, kuma kada a dawo da shi sai warin ya tafi gaba ɗaya.

A kuma raba shi da akurkin kaji da ɗakin tattabaru. Cutar da ke share kaji a lokacin sanyi tana kama aku, haka ma murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ita a Nijeriya a wata gonar kaji a Jihar Kaduna cikin Fabrairun 2006. Wanda ya dawo daga layin 'yan kaji a kasuwar Sara ya wanke hannu kafin ya taɓa kwanon aku.

Tsabta da fita

Kullum a canza ruwa, a jawo faranti a zubar. Sau ɗaya a mako a wanke keji da sabulu, a ɗauraye, ya bushe a rana. Kada a share busasshen kashi da tsintsiya. A jiƙa shi tukuna. Ƙurarsa tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ake kira zazzaɓin aku, wadda ta bazu a Turai da Amurka a 1929 da 1930. Tana zuwa da zazzaɓi da ciwon kai da busasshen tari, kuma tana da magani. Wanda ya je asibiti da irin wannan, a Gwaram ko a asibitin tarayya na Birnin Kudu, ya gaya wa likita cewa yana ajiye tsuntsu.

Idan tsuntsun ya saba da hannu, a riƙa buɗe masa a cikin ɗaki na awa ɗaya ko biyu a yini, bayan an rufe ƙofa da taga, an kashe fanka, an rufe randa da bokitin ruwa.

Aikin aji

1. Wani aku buɗin fikafikansa santimita 48 ne. Ku lissafa tsawo da faɗin kejinsa da santimita, sannan ku juya zuwa ƙafa da inci.

2. Gaban keji milimita 900 ne. Kaurin kowane rodi milimita 3, tazara milimita 15. Rodi nawa za a yanka? Ku fara tara 3 da 15, sannan ku raba 900 da abin da kuka samu.

3. Ku rubuta abubuwa biyar masu hayaƙi ko wari da ke gidanku, da inda kowanne yake.

4. Ku tattauna: yaro ya kawo 'ya'yan tsirya biyu daga kogon kuka, ko gashi ba su gama ba. Me uba ko uwa za su ce masa, kuma me za a yi da tsuntsayen?

Aikin gida

Ku zana taswirar gidanku, ku nuna murhu, akurki, turke, zaure da gabas. Ku sa alama a inda keji zai zauna a bazara, da inda zai koma a hunturu. Wanda yake da tsuntsu, ko maƙwabcinsa yake da shi, ya auna kejin da tef, ya rubuto tsawo, faɗi, tsayi da tazarar waya, ya zo da su darasi na gaba.